Tiren yanka na zarton tebur: wane daɓe, wace sanda, wace majingina ya kamata kafinta ya zaɓa?

Zarton tebur inji ne da ya fi ƙwarewa wajen tsaga katako bisa tsawonsa, amma da zarar an zo yanke katako a gicciye sai rauninsa ya bayyana. Ma'aunin kusurwa da ke zuwa tare da injin yana da gajeriyar fuska wadda da ƙyar take kai tsawon tafin hannu, yana tafiya ne a kwaroro ɗaya na tebur, kuma katakon da ake yankawa yana gogar tebur yayin da ake tura shi, don haka yakan karkata kaɗan ba tare da mai aiki ya ankara ba. Tiren yanka shi ne maganin da kafintoci suka daɗe da samo wa wannan matsala: faffaɗan allo ne, wanda ake kira daɓe, da aka kafa masa sanduna a ƙasa don su riƙa zamewa cikin kwaroron tebur, aka kuma tsayar masa da majingina a gaba da baya, ta yadda katako zai kwanta a kansa ba motsi, tiren ne kaɗai zai wuce ta kan haƙoran zarto. Haɗa shi ba ya ɗaukar fiye da yini ɗaya, sai dai kowace gaɓa tasa tana da hanyoyi biyu ko uku da ake bi, kuma ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. Abin da nake gani, bayan na haɗa fiye da ɗaya, shi ne sanduna da majinginar baya su ne tiren, sauran kuwa ana iya yin sassauci a kansu.

Kafin a sayi ko da sukuru ɗaya, yana da kyau mutum ya tambayi kansa ko tiren yake bukata. Wanda aikinsa bai wuce datse dogayen katakai masu ƙaramin faɗi ba, zarton datsa mai saukowa daga sama ya fi yi masa sauri, kuma ya fi dacewa da katako mai tsawon mita biyu ko uku wanda zai rinjayi kowane tire. Wanda ke da babban inji mai tebur mai zamewa ya riga ya mallaki abin da tiren ke kwaikwayo. Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wato a ɗaura wa ma'aunin kusurwa wani miƙaƙƙen katako don fuskarsa ta ƙara tsawo, kuma wannan yana wadatarwa a ƙananan ayyuka, har ma ya fi tire amfani idan ana yawan sauya kusurwa. Inda tire ya yi wa waɗannan duka zarra shi ne yankan allo mai faɗin santimita 30 zuwa 60 a kan kusurwar digiri 90 cif, da yankan ƙananan guntaye waɗanda riƙe su kusa da zarto da hannu ganganci ne, da kuma maimaita tsawo ɗaya sau ashirin ba tare da sake awo ba. Ƙari a kan haka, tunda zarton ne da kansa ya buɗe tsagar da ke jikin daɓen, babu wani rata tsakanin haƙora da abin da ya tallafe katakon, saboda haka bakin yankan ba ya yagewa ta ƙasa, kuma tsagar tana nuna wa mai aiki daidai inda zarto zai bi.

Abu ɗaya ne ba ya cikin zaɓi: dole faifan zarto ya kasance yana tafiya daidai da kwaroron tebur, ba ya karkata hagu ko dama. Ana gane haka ta hanyar yi wa haƙori ɗaya alama, a auna tazararsa da kwaroro lokacin da yake gaba, a juya shi baya a sake aunawa, bayan an cire wayar injin daga wuta. Idan awon biyu ya saɓa, a gyara injin tukuna, domin babu tiren da zai ɓoye wannan aibi. A auna kwaroron ma. A yawancin manyan injina faɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19 da ɗigo kaɗan, zurfinsa kuma kashi uku cikin takwas na inci, kimanin milimita 9.5, amma wasu ƙananan injinan da ake ɗauka zuwa wurin gini suna da kwaroro mafi ƙanƙanta, wasu ma da 'yan kunnuwa a bakinsa, kuma wannan kaɗai yana iya hana mutum amfani da sandunan ƙarfe na saye.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin tire mai sanda ɗaya da mai sanda biyu. Mai sanda ɗaya yana zama ne a gefe guda na zarto, bakinsa yana ƙarewa daidai layin yanka. Ba shi da nauyi, ba ya bukatar majinginar gaba, kuma yana da kyau wajen daidaita bakin manyan alluna. Aibinsa biyu ne: guntun da aka yanke ba shi da abin da zai tallafe shi, sai ya faɗo daga tudun daɓen zuwa kan tebur a gefen haƙora masu juyawa, sannan duk wani ɗan wasa da ke tsakanin sandar da kwaroro yana bayyana kai tsaye a yankan. Mai sanda biyu yana haye zarto, yana riƙe ɓangarorin katakon biyu har a gama, kuma yana ba da wata dabara da mai sanda ɗaya ba zai taɓa bayarwa ba: ko da sandunan sun ɗan fi kwaroro siranta, idan aka matsa su duka biyun zuwa ɓangaren zarto kafin a kafe su, kowace za ta jingina da bangon ciki na kwaroronta, wasan ya mutu. Ga wanda zai haɗa tire ɗaya tak, mai sanda biyu shi ne daidai.

Batun abin da za a yi sandunan da shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne tire mai kyau yake lalacewa bayan wata uku. Hanyoyi uku ne aka sani: katako mai tauri, farar roba mai santsi da ake kira UHMW, da sandar alminiyom ko ta baƙin ƙarfe.

Katako shi ne mafi kusa da hannun kowane kafinta, yana karɓar gam, yana karɓar sukuru, kuma ana iya fere shi da filen ko samfefa har ya shige kwaroro kamar an zuba shi. Matsalarsa ita ce yana shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe. Tire na farko da na haɗa, a tsakiyar rani na yi shi, na fere sandunan har suka zama ba wasa ko na gashi ɗaya, na yi ta murna da santsinsu. Da damina ta kankama sai na wayi gari tiren ya cije a tsakiyar tebur, sai da na sa hannu biyu da ƙarfi kafin ya motsa, kuma tura tire da ƙarfi a gaban zarto mai juyawa abu ne mai hatsarin gaske. Na kankare sandunan har suka saki, da iska ta sake bushewa sai ga tiren yana rawa. Laifin ba na katakon ba ne kaɗai, na yadda na yanko shi ne. Katako yana motsi a layin zoben shekarunsa, wato zagayayyun layukan da ake gani a bakin itace idan an datse shi, kusan ninki biyu na yadda yake motsi a gicciyen zoben, saboda haka idan aka dubi bakin sandar, ya kamata a ga layukan zoben a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, ta yadda yawancin kumburin zai tafi a kaurin sandar, inda akwai sarari, maimakon faɗinta, inda babu. A kuma bar sandar ta gaza zurfin kwaroro da kimanin milimita ɗaya don kada ta gogi ƙasa ko ƙurar zarto ta ɗaga tiren. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu, ya kuma zaɓi busasshen katako mai tauri da miƙaƙƙiyar jijiya, zai iya shekaru da sandunansa.

Robar UHMW ba ruwanta da danshi, kuma tana da santsi na halitta wanda ba ya bukatar kaki. Sai dai tana da nata halin. Gam ba ya kama ta, don haka da tef mai manne fuska biyu ake riƙe ta kafin a ɗaure da sukuru. Tana da laushi, tana lanƙwashewa, saboda haka miƙewarta ta dogara ne ga yawan sukurun da aka jera mata da kuma yadda aka kafa ta tana cikin kwaroro. Idan aka matse sukuru mai faffaɗan kai da yawa, robar takan buɗe ta gefe a daidai wurin, sai tiren ya riƙa cijewa a wuri-wuri. Masu haƙuri suna mayar da wannan aibi abin amfani, suna ƙara matsi ko sassautawa har wasan ya daidaita, amma aiki ne na lallaɓawa, kuma wanda bai san da shi ba zai yi ta neman laifi a inda babu.

Sandar ƙarfe ta saye ita ce mafi kwanciyar hankali. Ba ta kumbura, ba ta lanƙwashewa, kuma masu kyau daga cikinsu suna da ƙananan sukurori ko zobban roba a gefe waɗanda ake juyawa don a cike ratar kwaroro, ko da an riga an kafa tiren. Ita ce ta fi tsada a cikin ukun, kuma tana aiki ne kawai idan kwaroron injin na ma'aunin da aka saba ne. Akwai wani abin lura kuma: idan aka jawo tiren baya sosai don yanka allo mai faɗi, wuraren matsin da suka fita daga kwaroro ba sa aiki, sai wasa ya dawo a daidai farkon yanka, don haka a zaɓi sanda mai wuraren matsi da yawa kusa da juna. A taƙaice, wanda shagonsa ke fama da babban sauyin danshi tsakanin lokutan shekara ya fi cin riba da ƙarfe ko roba, wanda kuma kwaroron injinsa ba na kowa ba ne, katako ne zai fi yi masa sauƙi, tunda shi zai fere abinsa da kansa.

Ko wace iri aka zaɓa, hanyar kafawa ɗaya ce. A jera tsabar kuɗi ko zobban washa na noti a cikin kwaroro don sandunan su ɗan ɗago sama da fuskar tebur, a ɗiga musu gam mai saurin kamawa ko a manna tef, a sauke daɓen a kansu a hankali, a ɗora nauyi, sannan a ɗaga a ƙarasa da sukuru bayan an huda musu gurbi. Idan an gwada aka ji yana cijewa, a shafa fensir a bangon kwaroro, a tura tiren sau da yawa, inda baƙin ya fito a jikin sandar nan ne za a kankare, ba ko'ina ba.

Daɓen bai kai sanduna rikici ba. Abin da ake nema shi ne allo shimfiɗaɗɗe wanda zai ci gaba da zama shimfiɗaɗɗe. Filawud na itacen da ake kira birch daga yankin Baltik na Turai shi ne wanda aka fi yabo, domin mai kaurin milimita 12 yana da falle tara na katako iri ɗaya, babu ramuka a cikinsa, yana riƙe sukuru da kyau. MDF ya fi shi laushin fuska da daidaiton kauri, kuma ya fi sauƙin kuɗi, amma yana da nauyi, sukuru ba ya zama daram a bakinsa, ruwa kaɗan yana kumbura shi, ƙurarsa kuma tana bukatar takunkumi. Allon garin katako mai farar fuskar melamin yana zamewa da kyau a kan tebur, sai dai santsin nan yana sama ma, inda ake son katako ya tsaya cik, kuma bakinsa yana ɓarewa. Filawud na gama-gari yana iya yi idan aka duba shi da miƙaƙƙen ƙarfe aka ga bai bauɗe ba, amma sau da yawa ya bauɗe.

Kaurin daɓen yana cin tsayin yanka. Faifan zarto mai inci 10, wato milimita 254, yana ɗagowa kimanin milimita 80 sama da tebur, don haka daɓe mai milimita 12 zai bar wajen 68, mai 18 kuma wajen 62. Nauyi ma abin lissafi ne: allo mai santimita 60 da 90 na filawud mai milimita 12 bai wuce kilo huɗu da rabi ba, amma na MDF mai milimita 18 ya haura kilo bakwai tun kafin a ɗora masa majingina, kuma tiren da ɗaukarsa ke gajiyar da mutum yakan ƙare a jingine da bango yayin da mai shi ya koma yanka da ma'aunin kusurwa. Milimita 18 tana da hujja ɗaya mai ƙarfi, wato idan ana son binne layin ƙarfe na maƙala matsi a cikin daɓen, domin 12 ba za ta bar isasshen nama a ƙarƙashinsa ba.

Majinginar gaba, wadda ke nesa da mai aiki, aikinta kawai ta riƙe ɓangarorin daɓen biyu bayan zarto ya raba su, don haka kowane katako mai ƙarfi zai yi, muddin tsayinsa ya zarce iyakar ɗagowar zarto da santimita uku ko huɗu. Ta baya ita ce ma'aunin kowane yanka da za a yi har tiren ya tsufa. Katako guda mai kauri yana da kyan gani, amma yana iya murɗewa bayan watanni, kuma murɗewar rabin milimita ta isa ta ɓata haɗin akwati. Falle biyu ko uku na filawud mai milimita 18 da aka manne da gam, aka matse su a jikin wani abu da aka tabbatar miƙaƙƙe ne har gam ya bushe, sun fi zama lafiya, kuma wannan nake fifitawa. Majinginar alminiyom mai kwaroro a jiki miƙaƙƙiya ce tun daga masana'anta kuma tana karɓar abin tsayar da tsawo cikin sauƙi, amma dole a raba ta biyu ko a nisanta ta daga layin zarto, musamman a injinan SawStop, waɗanda birkinsu ke tashi idan haƙora suka taɓa ƙarfen da hannun mutum ke kai. Ko wace aka ɗauka, a ɗan fere kusurwar ƙasa ta fuskar majinginar, domin ƙurar zarto ta sami wurin shiga maimakon ta taru ta ture katako daga majingina.

Kada a sa wa majinginar baya gam a inda ta haɗu da daɓe. Sukuru kawai, kuma da farko guda biyu: ɗaya a ƙarshen dama wanda zai zama madogarar juyawa, ɗaya a hagu na wucin gadi. Daga nan sai zaɓi na ƙarshe mai muhimmanci, wato yadda za a daidaita ta. Sukwayar kafinta tana kai mutum kusa, amma iyakarta ingancin sukwayar da kaifin idon mai dubawa. Gwajin juya guntu ya fi ta: a yanke miƙaƙƙen katako gida biyu, a kifa rabi ɗaya, a haɗa bakunan a jikin majingina, duk ratar da ta bayyana ninki biyu ce ta kuskuren. Hanyar yanka biyar, wadda kafinta William Ng ya yi fice wajen koyar da ita, tana ninka kuskuren sau huɗu har ya zama abin aunawa. Ana ɗaukar allo mai kusurwa huɗu a ajiye shi hagu da zarto, a yanke bakinsa na dama, a juya shi yadda sabon bakin zai jingina da majingina, a sake yanka, haka har sau huɗu, a karo na biyar kuma a yanko siririn tsinke mai faɗin kamar santimita ɗaya. Sai a auna faɗin tsinken a bakinsa na nesa da na kusa da ma'aunin kauri. A ce tsawonsa milimita 300 ne, bakin nesa ya ba da 12.40, na kusa 12.00. Bambancin 0.40 ne, a raba shi huɗu ya zama 0.10, a raba da 300, a ninka da tazarar da ke tsakanin sukurun dama da wurin da za a yi gyara a hagu, a ce milimita 600, amsar ita ce 0.20. Tunda bakin nesa ne ya fi faɗi, ƙarshen hagu na majinginar zai dawo wajen mai aiki da milimita 0.20, da kuwa na kusa ne ya fi faɗi, gaba za a tura shi. Ana yin wannan motsi ne da taimakon guntun katako mai tsini da aka matse a daɓe da kuma siraran ƙarfen awo irin na makanikai masu gwada bakin fulogi, sannan a huda sabon gurbin sukuru, domin tsohon zai ja majinginar ta koma inda take. Bayan gwaji na biyu ya gamsar, sai a jera sauran sukurorin, a nisanta su daga layin zarto.

Kayan ƙari suna da yawa, kuma yawancinsu na iya jira. Guntun katako da matsi ɗaya suna yin aikin abin tsayar da tsawo na saye. Tsagar da za a iya cirewa a sauya tana da amfani ga mai sauya faifai, tunda faifai mai cikakken kauri yana buɗe milimita 3.2, siriri kuma kimanin 2.4, amma mai faifai ɗaya ba ya bukatarta. Abin da ba zai jira ba shi ne ƙaton gungumen katako da ake mannawa a bayan majinginar baya, daidai inda haƙora ke ɓullowa, tare da wani abin tsayarwa da zai hana tiren wucewa har zarto ya huda gungumen. A wurin nan ne babban yatsa ke son sauka ba tare da mai shi ya sani ba, kuma tunda yawanci sai an cire murfin zarto kafin tire ya hau, gungumen ne kaɗai ke tsakanin hannu da haƙora. Wuƙar da ke bayan faifai kuwa, wadda ke hana tsagar katako rufewa ta matse faifan, a bar ta a wurinta idan ba ta fi faifan tsayi ba. Kada kuma a yi amfani da katangar tsaga ta injin, wadda katako ke bi idan ana tsaga shi bisa tsawo, a matsayin abin tsayar da tsawo, domin guntun da ya maƙale tsakaninta da faifai injin zai harbo shi da ƙarfi.

Ga mai ƙaramin inji da ƙaramin wuri, shawarata ita ce daɓen filawud mai milimita 12, faɗinsa kamar santimita 60, zurfinsa 40, da sandunan katako masu zobe a tsaye, domin babban tire a kan ƙaramin tebur yana rinjaya ya faɗo idan an jawo shi baya. Ga mai babban inji da ke haɗa kabad da durowa, daɓe mai santimita 90 da 60, sandunan ƙarfe masu gyaruwa, da majinginar filawud falle uku. Dukansu biyu su shafa wa ƙasan tiren da fuskar tebur kakin katako wanda babu silikon a ciki, tunda silikon yana hana fenti da banish kamawa, su rataye tiren ko su kwantar da shi a shimfiɗe maimakon jingina shi a karkace, su kuma maimaita gwajin yanka biyar duk lokacin da tiren ya faɗi ƙasa ko aka taɓa saitin injin.